Injiniyan Unguwa: Amana Ta Isa, Ko Sai An Haɗa Da Takarda?

Akwai wata sana'a da ta yi ƙarfi a birnin Katsina cikin 'yan shekarun nan, wadda ba ta da allo a bakin titi, ba ta da ofis. Mai yin ta yawanci matashi ne, jaka a baya, kwamfuta a cikin jakar, waya biyu a aljihu. Shi ke saita wa mai kemis manhajar lissafin magani, shi ke buɗe wa mai atamfa shafin kasuwanci a WhatsApp, shi ke ɗaura kyamarar tsaro a shagon siminti, shi ke tsara wa makarantar kuɗi yadda za ta fitar da sakamakon jarrabawa. Shi ne kuma wanda ake kira bayan sallar isha'i in asusun Moniepoint ya ƙi buɗewa. Kowa Injiniya yake ce masa, ko ya yi karatun ko bai yi ba.

Duk wanda ya bi shagunan Ƙofar 'Yandaka, ƙofar da Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta cikinta a 1903, wadda kuma ta nan masu zuwa Batsari suke fita, ya tambayi masu shago wa ke kula musu da na'urori, da wuya ya ji sunan kamfani. Sunan mutum zai ji haɗe da nasabarsa: ɗan wane ne, ƙanen matar wane ne, sahu ɗaya muke sallar asuba. Ba yarjejeniya a rubuce, ba rasit, sau da yawa ma ba a yanke farashi sai an gama aiki. A nan kan mutane ya rabu. Wasu na ganin wannan ita ce hanyar da ta dace da mu, kuma ita ta tsamo ƙananan 'yan kasuwa daga ruwa lokacin da zamani ya taso musu. Wasu kuwa na ganin bam ne aka dasa a ƙarƙashin kanta, ranar tashinsa kawai ake jira.

Layin wayar hannu ya shigo Nijeriya tun 2001, amma ɗan kasuwar Katsina bai ji dole ba sai da Babban Bankin Nijeriya, a zamanin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1000 a watan Oktoban 2022. Zuwa Fabrairun 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mahauci, mai shayi, mai tumatir, kowa ya koma karɓar tiransifa ko ya tashi ba ciniki. Dattijon da ya yi shekara talatin yana riƙe lissafinsa a ka da aljihun 'yar-shara ya wayi gari yana bukatar asusu, da lambar BVN, da layin da aka haɗa da NIN, da wanda zai nuna masa bambancin alat na gaske da na bogi. A 2024 Hukumar CAC ta ce duk mai sana'ar POS sai ya yi rajista, ta sa wa'adin 7 ga Yuli, daga baya ta ɗaga zuwa 5 ga Satumba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ƙarin aiki ne ga yaron nan mai jaka a baya.

Abin da magoya baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ba ta da ado: in ba shi ba, sai wa? Manyan kamfanonin fasaha suna Legas da Abuja, 'yan kaɗan a Kano, kuma ba su da lokacin mai shagon da duk jarinsa bai kai kuɗin kwangilarsu ta wata guda ba. In na'ura ta tsaya ka kira lambar kamfani, murya ce za ta amsa da Turanci ta ce danna ɗaya, danna biyu, katinka na ƙonewa, masu sayayya na tsaye. Injiniyan unguwa kuwa kafin shayi ya huce ya iso a kan babur. Zai yi bayani da Hausar da Alhaji zai gane, ya maimaita sau uku ba tare da ya nuna gajiya ba, domin Alhajin abokin mahaifinsa ne. In babu kuɗi yau, ya dawo ranar da aka yi ciniki.

Sannan ya san ƙasar da yake takawa. Ya san wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, bai kuma manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako a cikin duhu. Ya tuna watan Satumban 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, ciki har da Batsari da Jibiya da Safana, har mai shago a birni ya rasa yadda zai ji daga abokin cinikinsa na ƙauye. Wanda ya ga wannan ba zai ɗora kasuwancin mutum kacokan a kan manhajar da ba ta motsi sai da intanet ba. Zai zaɓo wadda ke aiki ko babu sabis, ya haɗa ƙaramar sola da batir, ya ce kada a jefar da tsohon littafin bashi. Ya san rabin cinikin unguwa bashi ne, wani sai ƙarshen wata, wani sai kaka, wani kuma ba a rubuta shi a inda yaran shago za su gani saboda mutuncin wanda ya ci. Manhajar da aka ƙera don kantunan Amurka ba ta san da wannan ba; sai ɗan gari ya lanƙwasa ta.

Akwai kuma matan aure masu sana'a a cikin gida, masu turaren wuta da kayan kicin da ɗinkakkun kaya, waɗanda kasuwarsu duka a cikin waya take. Baƙo daga kamfani ba zai wuce zaure ba. Ƙanenta ko ɗan yayarta kuwa zai shiga har tsakar gida ya ce, "Yaya, kawo wayar in gani." Magoya baya na cewa duk wanda ke maganar kawar da injiniyan unguwa, bai yi lissafin waɗannan mata ba.

Amma babbar hujjarsu ita ce ta jingina. Suna cewa ƙarya ne a ce yaron nan bai ajiye komai ba. Ya ajiye abin da ya fi satifiket tsada, wato sunan gidansu. Kamfani na iya rufe ofis ya sake suna ya buɗe a wani gari. Ɗan unguwa ba ya iya sake uba. In ya ci amana, kafin magariba maganar ta isa kunnen mahaifinsa, ta isa wajen liman da mai unguwa, ta kuma isa gidan da yake neman aure. Wace kotu ce ke yanke hukunci da wannan sauri? Kuma shi da kansa ya san abokan cinikinsa duka sun san juna. Mai kemis ne ya haɗa shi da mai siminti, mai siminti ya haɗa shi da shugaban makaranta. Ranar da ya ɓata da ɗaya, duka ya rasa.

Abin da masu adawa ke mayarwa

Masu adawa na gaskiya ba sa cewa injiniyan unguwa ɓarawo ne. Mafi yawansu sun yarda yaran kirki ne. Abin da suke cewa shi ne, tsoron abin kunya yana tsare aikin da ido ke gani ne kawai. Tela in ya ɓata ɗinki, ranar Sallah kowa zai gani a jikinka. Aikin kwamfuta kuwa yana iya lalacewa shekara biyu ba wanda ya sani, har shi mai aikin. An ce ana ajiye kwafin lissafi a wani wuri daban. An taɓa gwada dawo da shi? Manhajar da aka saka ta halak ce ko satacciya ce da aka sauko da ita kyauta, ɗauke da ƙwayar cutar da ke kwashe bayanai? Mai shago ba shi da hanyar sani. Sai ranar da kwamfuta ta mutu, ko aka sace ta, ko gobara ta tashi irin wadda ta cinye shaguna masu yawa a Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021, sannan za a gane ko akwai ajiya ko babu. A ranar, kai ƙara wajen mahaifin yaro ba zai dawo da sunayen masu bashi ba.

Daga nan sai su zo kan makulli, kuma a nan ne na ga bakin magoya baya yana yin nauyi. Yawancin abin da injiniya ke buɗe wa ɗan kasuwa yana rataye ne da imel guda da lambar waya guda. Alhaji ba shi da imel, ko yana da shi ya manta lambar sirrin, ga kuma sauri ana yi. Sai injiniya ya buɗe da nasa, ko ya buɗe sabo ya sa lambar wayarsa a matsayin wadda za a turo wa saƙon farfaɗowa. Ba da mugun nufi ba, don dai aiki ya tafi. Amma daga ranar, shafin shagon a Facebook da Instagram, hotunan kyamarar tsaro, rajistar CAC, wani lokaci har ƙofar shiga asusun kuɗi, duk a hannun wani suke. Mai dukiya ya zama ɗan haya a cikin kasuwancinsa bai sani ba. To yaron nan fa ba dutse ba ne. Za a tura shi bautar ƙasa Ebonyi, zai sami aiki a Abuja, za a sace masa waya, zai yi jinya, kuma rai na hannun Allah. Kamfani ko ma'aikaci ya tafi, fayil na nan. Injiniyan unguwa kuwa fayil ɗin a kansa yake.

Akwai wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. Sau nawa injiniya ke bugo waya ya ce, "Alhaji, wata lamba za ta shigo maka yanzu, karanto mini"? Alhaji ya karanta, aiki ya yi kyau. Ya yi haka sau biyar, sau goma, har ya zame masa jiki cewa in an nemi lambar da ta shigo, karantawa ake yi. Ranar da ɗan damfara ya bugo ya ce daga banki yake, ko ya ce za a sa shi a taron ƙungiya ta WhatsApp, ba sai ya sha wahala ba. Wanda aka yarda da shi ya riga ya horar masa da Alhaji. Lambobi shida kawai ake bukata a ƙwace WhatsApp ɗin mutum, a shiga bin 'yan'uwansa da abokan cinikinsa ana roƙon kuɗi da sunansa. Bankuna na ta shelar kada a ba kowa wannan lamba, amma a unguwa kullum ana bayarwa, kuma hannun da ke karɓa na gida ne.

Ita kuwa kunyar da magoya baya ke alfahari da ita, masu adawa na cewa kaifi biyu gare ta. Yadda take hana yaro cuta, haka take hana mai shago magana. Wa zai kai ɗan amininsa ofishin 'yan sanda? Wa zai ce wa ƙanen matarsa ya kawo rasit ɗin kyamarar da ya sayo daga Farm Centre ta Kano? Sai a haɗiye, a ce ƙaddara ce, a koma neman wani a ɓoye. Yaron bai san ya yi kuskure ba, balle ya gyara, gobe kuma ya maimaita shi a shagon maƙwabci.

Tarihi, kowa na ja

A nan magoya baya kan juya ga tarihi, kuma suna da abin faɗa. Katsina ta yi ƙarnoni tana cikin manyan zangunan fataucin Sahara, kaya na tahowa daga Gadamas da Agadas suna wucewa kudu, ba banki, ba kamfanin inshora. Fataken goro sun yi ta kai da kawo tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a kan kalmar baki. Ko a zamanin nan, wani masanin halayyar al'umma mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanun Arewa bashi, dukiya mai ɗimbin yawa tana juyawa ba tare da sa hannu a takarda ko zuwa kotu ba. In amana ta ɗauki garken shanu daga Arewa zuwa Ibadan, in ji su, don me za ta kasa ɗaukar kwamfuta guda a shagon kemis? Suna ƙarawa da cewa takarda ma ba ta hana cuta. Mutane nawa ne ke riƙe da yarjejeniya mai hatimi, kamfanin da ya sa hannu ya ɓace? Kuma wane mai shago ne zai rufe kanti ya yi shekara yana zaryar kotu a kan kuɗin da bai kai na lauya ba?

Masu adawa sai su ce, madalla, a karanta tarihin har ƙarshe. Abin da ya riƙe kasuwar Sabo ba kyakkyawan zato ba ne. Maigida ne, wanda ke saukar da falke, dillalansa su sayar, shi kuma ya tsaya lamuni: in mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ke biya daga aljihunsa. Akwai mai ɗaukar asara, sananne, mai gidaje da dukiyar da za a iya kamawa. Wa ya tsaya wa injiniyan unguwa? Mai kemis da ya ce "yaron kirki ne, na san shi" ba zai biya ko sisi ba in lissafin mai siminti ya salwanta. Shaida ya bayar, bai ɗauki lamuni ba. Sannan falke ya san saniya kamar yadda dillali ya san ta, ba a iya sayar masa da gurguwa a ce lafiyayya ce. A harkar kwamfuta, ɓangare ɗaya ne ke gani.

Suna kuma da hujja daga littattafan da ake karantawa a zaurukan Katsina. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara yi wa umarnin, mutanen da ba a kai su amana ba. Wato rubutu ba zargi ba ne. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani kuwa, da sauran littattafan Malikiyya, an bambanta mai ajiya da mai sana'a. Wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta ba da sakacinsa ba. Amma mai sana'ar da ya buɗe ƙofa ga jama'a, irin su tela da marini da maƙeri, in ya karɓi kayan mutum ya kai inda mai shi ba ya gani, to lamuninsu na wuyansa, sai in an sami shaidar cewa ba laifinsa ba ne. Malamai sun gina hukuncin a kan maslahar jama'a, domin mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wajen masu sana'a, kuma ba su da ikon tsare su. Ko bayanan da ke cikin kwamfuta sun shiga wannan babi, wannan fatawa ce ta malamai, ba tawa ba. Amma dalilin hukuncin ya yi kama da halin da muke ciki ƙwarai.

Ba su tsaya nan ba. Suna tunatar da mu cewa harkokin zuba kuɗi na damfara irin su MMM a 2016 da CBEX da ta rushe a watan Afrilun 2025 ba ta hannun baƙi suka shiga gidaje ba. Aboki ne ya kawo aboki, ƙane ya kawo wa, kuma sau da yawa wanda ya "san kan waya" a dangi shi ya buɗe wa kowa asusu, shi ma da zuciya ɗaya, shi ma ya yi asara. Da ɗan gari akan ci gari. Ga kuma maganar la'ada: in injiniya ya ce wannan na'urar POS ko wannan inbata ta fi, don ta fi ɗin ne, ko don akwai kamasho a kanta? Dillalin kasuwa kowa ya san la'adarsa. Ta injiniya a lulluɓe take cikin shawara.

Doka ma ta fara leƙowa. Tun 1993 akwai dokar da ta kafa majalisar rajistar ma'aikatan kwamfuta ta ƙasa, CPN, ko da yake zai yi wuya ka sami mai shagon da ya taɓa tambayar injiniyansa takardarta. A watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora nauyin bayanan abokan ciniki a kan mai kasuwancin da ya tara su. Makarantar da ta damƙa sunayen ɗalibai da hotunansu da lambobin iyayensu ga wani ba tare da wani sharaɗi ba, in suka fita, ita za a fara tambaya.

Shi injiniyan fa?

Abin mamaki, da yawa daga cikin masu son a koma rubutu su ne injiniyoyin kansu. Amanar da ake yabo, su ke biyan kuɗinta. Yaro ya kwana yana gyaran lissafi, da safe a ce masa, "Allah ya yi albarka, ɗana, ka gaida babanka." Ya yi aiki sau ɗaya an biya, sai ya zama bawan na'urar har abada: duk ranar da firinta ta ƙi ja, ko yaron shago ya goge wani abu, shi za a kira, kyauta, domin ai shi ya haɗa. In ya ce a riƙa ba shi wani abu duk wata, a ce ya faye son kuɗi. Mafi muni, ranar da kuɗi suka yi ƙafa daga asusu, ko da Alhaji ne da bakinsa ya karanta wa ɗan damfara lamba, ido na farko kan injiniya yake sauka, tunda kowa ya san ya san lambar sirri. Ba shi da takardar da ke nuna ranar da ya miƙa makulli ya fita. Shi ya sa ƙwararrun cikinsu, da zarar sun sami aikin kamfani ko na intanet da ake biya da dala, sai su daina ɗaukar wayar unguwa. Waɗanda suka rage su ne masu koyo.

In aka tace

Da na auna maganganun nan, na ga ba a kan abu ɗaya ake gardama ba. A kan tambayar wa zai yi aikin, magoya baya sun yi nasara, kuma ba da ƙaramar tazara ba. Babu wani kamfani da ke shirin buɗe reshe a Ƙofar 'Yandaka don masu kemis da teloli, kuma ko ya buɗe, ɗan unguwar zai ɗauka aiki ya ninka farashi. Masu kiran a hana kowa taɓa kwamfutar kasuwanci sai mai lasisi, in aka bi tasu, talaka ne zai rasa mai taimako, masu lasisin kuma su sami abin tatsa. Takardar shaida ma ba ta nuna hannu. Akwai masu digiri daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko difloma daga Kwalejin Hassan Usman da suka iya aikin sosai, akwai kuma wanda a shagon gyaran waya ya koya ya fi su.

A kan tambayar wa zai riƙe makulli kuwa, ban ga amsar da magoya baya suka bayar ba. Duk hujjojinsu a kan halin mutum suke: ba zai ci amana ba, yana jin kunya, ɗan gidan mutunci ne. Amma mafi yawan asarar da ake yi ba daga cin amana take zuwa ba. Daga mantuwa take, da ƙarancin sani, da tafiya, da mutuwa, waɗanda ba ruwansu da tarbiyya. Kuma gyaran ba ya bukatar lauya. Imel da layin da aka rataya komai a kansu su kasance na mai shago. Lambobin sirri a rubuta su a takarda a ajiye inda ake ajiye takardar fili, a kuma sake su ranar da aiki ya ƙare. Shafi guda da Hausa, ko da ajami ne, ya faɗi abin da za a yi, nawa za a biya, gyara kyauta har zuwa yaushe, da shaidu biyu. In injiniya na da kamasho a kan kayan da ya ba da shawara, ya faɗa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke rage wa kowa mutunci, sai dai wanda zai fara furtawa yana bukatar ƙarfin hali, kuma ya fi sauƙi ya fito daga bakin babba.

Abin da ban iya yankewa ba shi ne maganar lamuni. Wa zai zama maigidan wannan zamani, wanda zai tsaya wa yaro ya kuma biya in ya yi ɓarna? Wasu na ganin ƙungiya ce, irin ta 'yan kasuwar waya ko ta masu POS, da za ta tantance 'ya'yanta ta kuma yi sulhu. Amma mun sha ganin ƙungiyoyin da suka koma karɓar kuɗin kati da rigimar shugabanci. Wasu na duban gwamnati: Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar ƙananan sana'o'i ta tarayya, SMEDAN, kafin ya hau mulki a 2023, gwamnatinsa ta kafa KASEDA don ƙananan sana'o'i da KATDICT don fasahar sadarwa, ga kuma shirin 3MTT na tarayya da ke horar da matasa. Horarwa dai ana yi. Sai dai koya wa yaro aiki daban, tsaya masa daban, kuma ba kowa ne zai so hannun hukuma ya shiga tsakaninsa da ɗan maƙwabcinsa ba, musamman in ana zargin daga rajista sai haraji. Akwai ma masu cewa da zarar an sa lamuni, yaran da ba su da mai tsaya musu, marayu da baƙi da 'ya'yan talakawa, su za a fara rufe wa ƙofa, alhali wannan sana'a na cikin 'yan kaɗan da ake shiga ba da jari ba. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma masu adawa ba su kawar da shi ba.

Kafin a warware wannan, kai mai shago akwai abin da ba sai ka jira kowa ba. Kira injiniyanka cikin makon nan, ku zauna, ka biya shi abin da yake bin ka in akwai, sannan ka tambaye shi da sunan wa aka buɗe imel ɗin shagon, kuma wayar wa lambar farfaɗowa ke shiga. In taka ce, to. In tasa ce, ku sauya kafin ya tashi.